Filin Mata: Zaman Jirgin Fito Da Ƙudan Tsando

 

Na so a ce yau mu ƙarasa zancen shanyar kuɓewa da muka faro makon jiya, sai ga takarda daga wata 'yar makaranta wadda garinsu ya ke ƙetaren kogin Mariga. Ta ce kowane hutun damina sai ta shiga jirgin fito kafin ta isa gida, kuma ba ta taɓa sauka ba sai ƙafafunta sun yi rudu-rudu da cizon ƙwari. Tambayarta ita ce, wane mai za ta saya ta shafa? To, ƙanwata, na gode da takardarki, hannunki kuma yana da kyau, sai dai ki riƙa sa aya in magana ta ƙare. Zan gaya miki man, amma shi ne na ƙarshe cikin abubuwan da ki ke bukata. Bari tukuna in ba ki labarin abin da na gani da idona.

Rabona da ƙauyen goggona ya yi shekaru, saboda halin da hanyoyinmu suka shiga, wanda ba sai na tuna wa kowa ba a ƙasar Birnin Gwari. Bayan sulhun da aka yi a ƙarshen 2024 ne na sami ƙarfin zuciya, da hutun Agusta na 2025 na ɗaura ɗan ƙunshina na tafi. Na tarar kogi ya kawo, ya yi jawur, ya shafe mashigin da a ke bi da ƙafa da rani, ba dama sai jirgi. Mu tara muka shiga har da mai fito, ga buhun masara biyu, ga akuya a ɗaure. Saboda ƙarfin ruwa mai fito bai yanka kai tsaye ba, sai ya bi gefe-gefe yana haurawa sama a ƙarƙashin itatuwa, domin in ya saki jirgin ruwa ya gangaro da shi daidai masauki. To, a cikin wannan inuwa ne suka same mu.

Akwai wata baiwar Allah a gabana, ta sa baƙin hijabi, tana da goyo. Ina ganin ƙudaje biyu uku suna sauka a bayanta suna tashi, ban ce kome ba, domin na ɗauka ƙudan gida ne. Can sai yaron ya tsala ihu. Uwar ba ta yi wata-wata ba ta miƙe zumbur, ta juya tana kai mari ta baya, jirgi kuwa ya karkata gefe guda, ruwa ya kwararo ciki har ya jiƙa mini zane, akuya ta shiga tsalle, kowa ya ɗauki salati. Mai fito ya daka mata tsawa ta zauna, ya jefa nauyinsa ɗaya gefen, wata tsohuwa kuma ta cafko zanen matar ta zaunar da ita da ƙarfi. Da ƙwarya muka kwashe ruwan. Sa'ad da muka sauka gwiwoyina ba su ɗauke ni ba, sai da na zauna kan wani dutse. Mai fito, wani dattijo ne mai furfura, ya zo ya yi mini sannu, ya ce mini tun yana saurayi ya ke wannan sana'a, tsando bai taɓa kashe masa mutum a cikin jirgi ba, amma masu kai wa tsando mari sun sha kusan hallaka shi da mutanensa.

Ban ga laifin matar nan ba, kowace uwa ta ji ihun ɗanta jikinta ne zai motsa kafin hankalinta. Shi ya sa na ke so mu yi tunanin abin tun muna kan tudu. Jirgin fito ba shi da faɗin da zai yafe wa mutum kuskure. In an cika shi, tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba, mutum ɗaya ya miƙe ya isa ya juya shi. Ba mu manta da 'yan makarantar Islamiyya da jirgi ya kife da su a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara. Wancan yawan lodi ne ya jawo, ba ƙuda ba, amma ruwan da ya ci su irin wanda mu ke ƙetarewa ne. Saboda haka, in kin shiga jirgi ki zauna ƙasa sosai a tsakiya, kada ki ɗare kan buhu ko kan baki. In ƙwaro ya sauka miki, ki share shi da hannu a hankali, ko ki kaɗa gefen mayafi. In a bayanki ya ke, ki ce wa ta bayanki ta kore miki, ke ma ki lura da bayan ta gabanki. Da na yi wa matar nan haka tun da na ga ƙudajen farko, da abin bai kai inda ya kai ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun da na yi. Goyo kuwa, a kwance shi tun kafin a shiga, a riƙe yaro a cinya inda ido ke ganinsa, a lulluɓe shi da farin zane, a bar masa wajen shan iska. In akwai rigar nan ta hana nutsewa, a karɓa a sa, ba ƙauyanci ba ne.

Yanzu mu zo ga su ƙwarin, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da wurinsa da lokacinsa.

Tsando ya ɗan fi ƙudan gida girma, launinsa ruwan ƙasa-ƙasa. Da abu biyu za ki gane shi. Bakinsa kamar allura ne ya miƙe gaba, sa'an nan in ya sauka yana ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya kamar almakashi a rufe, ba ya baza su kamar na gida. Da rana ya ke cizo, mace da namiji duka, cizon kuma da zafi kamar an caka tsinke. Irin wanda mu ke da shi a bakin kogunan dajin Kamuku ba ya son rana, ba ya nisa da inuwa da danshin kurmi, shi ya sa ba ki cika gamuwa da shi a tsakiyar kogi ba, sai wajen shiga, da wajen sauka, da sa'ad da jirgi ke raɓe da gaɓa. Da ido ya ke farauta. Abin da ke motsi yana jan sa, haka kuma baƙi da shuɗi. Ma'aikatan da ke yaƙi da shi sun san haka, tarkon da su ke kafa masa da ƙyallen shuɗi da baƙi a ke ɗinka shi. Ku duba fa, watau mu da kanmu mu ke sa tarkon a jikinmu, domin hijabinmu in ba baƙi ba ne to shuɗi ne, kayan makarantar 'yan mata da yawa ma haka. Ranar fito a nemi fari, ko ruwan ƙwai, ko kalar kaki, ko da ya tsufa. Ya kasance mai ɗan kauri ne kuma sakwa-sakwa, domin allurar tsando tana huda yadi marar kauri in ya manne da fata.

Wani abin mamaki game da tsando, ba ya yin ƙwai kamar sauran ƙudaje. Macen tana renon tsutsa ɗaya tak a cikinta, kamar kowane kwana 10 ta haife ta a ƙasa mai laushi cikin inuwa, tsutsar ta nutse ta ɓuya har ta zama ƙuda. Ƙarancin haihuwar nan shi ne lagonsa, in aka raba shi da inuwa ko aka dage da tarko sai ya ƙare a wuri. Da wannan dabara aka yi aikin Anchau a ƙasar Zazzau, wanda aka soma a 1937, lokacin da ciwon barci ya addabi Arewa. Aka sassare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi don mata su daina zuwa rafi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A 1951 kuma aka buɗe gidan binciken wannan ciwo a Kaduna. Tsofaffinmu sun san ciwon sarai: zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ciwon kai, kaluluwa a ƙeya, daga baya mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana ya kasa barci da dare, hankalinsa ya canja, in ba a yi magani ba ya mutu. Alhamdu lillahi yau ya yi ƙaranci ƙwarai. Daga 2018 zuwa 2023 waɗanda aka samu da shi a duniya duka ba su kai 1,000 a shekara ba, yawancinsu kuma a ƙasar Kwango, maganinsa ma har da na ƙwaya da a ke sha kwana 10. Don haka wadda tsando ya ciza kada ta tsorata, ba kowane ƙuda ke ɗauke da cutar ba. Sai dai in wurin ya kumbura ya ƙi warkewa, ko kaluluwa ta fito a wuya tare da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, to a je asibiti, a kuma faɗa wa likita cewa an shiga kurmi. Shanu ne har yanzu su ke shan wahalarsa, shi ke sa musu sammore, ku tambayi matan Fulani masu kawo mana nono.

Amma ke ƙanwata mai takarda, da na karanta bayaninki ban zaci tsando ne ke cin ƙafafunki ba. Kin ce ba ki jin cizon sai kin sauka, ki ga ɗigo-ɗigon jini a ƙwauri, sa'an nan ƙaiƙayi ya biyo har kwana uku. Wannan aikin wani ɗan baƙin ƙuda ne mai doro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yana yin ƙwai a inda ruwa ke gudu da ƙarfi yana dukan duwatsu, tsutsotsinsa su maƙale a jikin dutse da ciyawar da ruwa ke ja, don haka da damina ya fi yawa. Shi ma da rana ya ke cizo, kuma ƙasa-ƙasa ya ke bi, daga gwiwa zuwa idon sawu. A jirgi kuwa ƙafafu suna can ƙasa inda ba a gani. Maganinsa safa doguwa da wando a ƙarƙashin zane, a cusa ƙafar wandon cikin safar. Na san za a yi miki dariya a bakin kogi, a ce 'yar boko ta zo. Ki bar su su yi, in kin haye ki cire.

Wannan ɗan ƙuda shi ne ke yaɗa makantar bakin kogi, kuma ƙasarmu ta Birnin Gwari tana cikin wuraren da ta yi wa ɓarna a da. Wata tsutsa ce ya ke ɗauka daga jikin wani ya sa wa wani, ta yi gurbi a ƙarƙashin fata ta yi ta haihuwa shekara da shekaru, 'ya'yan su bazu, su kawo ƙaiƙayi mai hana barci, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare, a ƙarshe su shiga ido. Wadda ta tashi a ƙauyukan bakin ruwa ta ga dattawa ana jan su da sanda, ba kuwa tsufa ne ya makantar da su ba. A 1987 kamfanin Merck ya ce zai riƙa ba da maganin Mectizan kyauta. Da yawanmu mun tuna muna yara a kan zo da wata sanda mai zane-zane a auna tsawon mutum, a ba shi ƙwaya gwargwadon tsawonsa, sau ɗaya a shekara, kuma mutanen gari ne da kansu ke rabawa. Bayan an yi shekara 15 zuwa 17 ana haka, a 2008 aka duba fatar mutum 3,703 a ƙauyukan Birnin Gwari da na Kauru da Lere, ba a sami tsutsar a jikin ko ɗaya ba. Labarin nan ya zaga duniya a wurin likitoci, mu kuwa da aka yi abin a ƙofarmu kaɗan ne suka ji. Ƙudan dai yana nan, bai san an yi bincike ba, cizonsa kuma in aka yi ta susa da farce mai datti sai ya zama gyambo. A wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a yanke wa yara farce.

Na bar sauro a baya ne ba don ya fi su sauƙi ba, shi ne ma mai kisan. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya su ke. Irin mai kawo zazzaɓin daga magariba ya ke fitowa har asuba, kuma macen ce kaɗai ke cizo. Matafiyiya ba a cikin jirgi ta ke gamuwa da shi ba, a bakin kogi ne, sa'ad da aka makara, ko ruwan sama ya tsare mutane, mai fito ya ce ba zai tuƙa ba sai gari ya waye. Gaskiyarsa ce kuwa, kada a matsa masa, hukumar hanyoyin ruwa ma, watau NIWA, ta hana tafiyar dare. Abin yi shi ne a fito da wuri a haye tun da hantsi, kuma duk da haka a naɗe gidan sauro a sa cikin jaka, bai fi nauyin zane biyu ba. Da igiya da reshe biyu an kafa shi ko'ina. Mai ciki da ƙaramin yaro su ne na farkon shiga. Ku lura kuma, zazzaɓin ba ya zuwa a ranar, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, sa'ad da an manta da tafiyar, wata ma ta riga ta koma makaranta. In ya zo a je a yi gwajin jini, in an ba da magani a shanye na kwana ukun duka ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Masu bin gida-gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata, in tafiya ta sa yaronki ya kuskure nasa ki neme su in kin dawo.

In kwana ya kama ki a gaɓa, kada ki ajiye fitila ko hasken waya kusa da shimfiɗa, ki rataye ta can nesa kaɗan ƙwari su tafi can. Shinge ba ya cutar kowa, yara ma murna su ke yi da shi. Wanda za a kiyaya shi ne hangara, domin in aka murtsuke ta a jiki ruwanta yana tayar da fata kamar ƙunar wuta. A hure ta da baki ko a kaɗe ta da ƙyalle, in kuwa an riga an murtsuke, a wanke wurin da sabulu nan da nan kada hannu ya kai ido. In ƙwaro ya faɗa wa yaro a kunne kada a bi shi da tsinke, a karkatar da kan ko zai fito, a kai shi ɗakin shan magani.

Akwai hayaƙi, dabarar iyayenmu. Goggona ba ta rabuwa da wata ciyawa da a ke kira sarakuwar sauro, wai don sauro yana jin kunyarta kamar yadda a ke jin kunyar suruka, tana haɗa ta da ganyen darbejiya da ɓawon lemo ta zuba a kasko da almuru. Yana rage su, ban musa ba, amma da hayaƙin ya lafa suna dawowa, lokacin kuwa kowa ya yi barci. A yi hayaƙin, a kuma shiga gidan sauro. Sai dai a kan tudu kawai. Kada wadda ta shiga jirgi da kaskon wuta ko maganin sauro na kunnawa, balle jirgi mai inji inda galan ɗin fetur ke ajiye kusa da ƙafafun mutane.

To ga man da kika tambaya. A kemis akwai man shafawa na korar sauro, ki duba jikinsa ki ga an rubuta DEET. Ki shafa a inda tufa ba ta rufe ba, watau bayan hannu, da wuya, da ƙafa, ban da ido da baki da inda ke da rauni. Yana aiki na 'yan sa'o'i ne, gumi da ruwa suna wanke shi. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, yaro kuma ba a sa masa a tafin hannu don zai kai baki. Yana korar sauro da ɗan baƙin ƙudan nan, amma tsando bai cika damuwa da shi ba, shi tufa ce maganinsa. Abin da na ke roƙonku da girman Allah, kada a shafa kananzir, kada kuma a shafa fiya-fiya ko a yayyafa shi a zanen goyo. Na ji ana yi. Guba ce ta gona, tana shiga jiki ta fata da ta numfashi, har a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irinta a kasuwanni. Turare mai ƙarfi ma a bar shi sai an haye, domin akwai zuma da rina a rassan da ke sunkuyo kan ruwa, kada kuma a bar yara suna kama reshe in jirgi ya ratsa ƙarƙashi.

Da zan dawo daga wurin goggona na ari farin mayafinta, na sa safar ɗanta ta ƙwallo, na roƙi dattijon nan ya ɗan ja da jirgi daga inuwa in ruwa ya ba shi dama. Ya ce a wani wurin zai iya, a wani wurin ba zai iya ba, ruwa ne mai hukunci. Cizo ɗaya na samu, a bayan hannu, na kuwa zauna daram har muka sauka.

Ke mai takarda, in kin koma makaranta ki rubuto mini ki gaya mini yadda ƙafafun suka yi a wannan karo. Masu jiran zancen kuɓewa ku yi mini haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.